Man ƙaiƙayi mai haɗi uku: yana lafar da fata, yana ɓoye cutar saiwar gashi

Da wuya ka shiga kyamis a garin kasuwa, Gujungu ne ko Wudil, Dambatta ko Maigatari, ka rasa wannan kirim a kan kanta. Kamfanoni da yawa ke yin sa, kowanne da sunansa da launin kwalinsa, amma abin da ke ciki kusan ɗaya ne. Masu shago kan ce masa tirful akshan, mutanen gari su ce man ƙaiƙayi. Bututu ne na giram 15, 20 ko 30, kuɗinsa bai kai kuɗin motar zuwa birni da dawowa ba, kuma ba a neman takardar likita kafin a miƙo shi. Ranar kasuwa har a tiren masu tallan magani ana ganin sa, cikin rana tsaka, kusa da farasitamol da man zafi.

Hukuncinmu a kansa shi ne: alkawarin da ya yi yana cikawa, domin ƙaiƙayi kan lafa cikin kwana biyu zuwa uku. Amma ga tabon da gashi ya zube a kansa, a gira ne ko gemu ko fatar kai, wannan kirim yana cikin mafi munin abin da mutum zai saya da kuɗinsa. Shi da kansa ba ya haifar da daji. Laifinsa shi ne yana share alamun da likita zai bi ya gane cutar, kuma cikin cututtukan da yake ɓoyewa akwai wadda a wasu manya take tafe da dajin fata.

Abin da ke cikin bututun

Juya kwalin ka duba ƙananan rubutun da ke gefe. Magani uku aka gama wuri ɗaya. Na farko sitiroyid ne mai ƙarfi, ko kilobetasol ko betametason, yawanci kashi 0.05 cikin ɗari. A kwali ana buga su clobetasol da betamethasone, kuma ya kamata kowa ya iya gane waɗannan sunaye biyu da ido ko da bai yi boko ba. Na biyu kulotirimazol ne ko ketokonazol, maganin fangas, wato ƙwayar da ke kawo makero da ƙyasbi. Na uku maganin bakteriya, niyomaisin ko jentamaisin.

Cikin ukun, sitiroyid ɗin ne ke yin aikin da mai saye yake gani. Yana danne garkuwar jiki a wurin da aka shafa, ya tsuke ƙananan hanyoyin jini, kumburi ya saɓe, ƙaiƙayi ya tsaya. Kilobetasol yana rukunin ƙoli a cikin irin waɗannan mayuka, ya fi haidirokotison da ake rubuta wa yara ƙarfi sau ɗaruruwa. Shi ya sa ƙa'idarsa take da tsauri: ba a wuce mako biyu a jere sai da sa idon likita, ba a wuce giram 50 a mako, ba a shafa shi a fuska ko hammata ko matsematsi, ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba. Ma'aunin shafawa kuma ƙarami ne ƙwarai. In ka matso kirim daga kan ɗan yatsan nuni zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu. Wanda ya cinye bututun giram 30 cikin mako guda a kan tabo ɗaya da bai fi tafin hannu ba, ya shafa ninkin abin da ake buƙata sau da yawa.

Adalci dai a faɗi inda yake da amfani. Babban mutum mai kirci a hannu ko ƙafa, wanda ya sosa har wurin ya fara ruwa, zai ga sauƙi in ya shafa na kwana biyar zuwa bakwai ya daina. Haka wadda baƙin lalle ya tayar wa da fata. Ko a nan ma, maganin da ya dace shi kaɗai ya fi haɗin uku, domin biyu daga ciki ba su da aikin yi, niyomaisin kuwa sananne ne wajen tayar da fatar wasu mutane, sai a ɗauka cutar ce ta ƙaru a ƙara shafawa.

Ɓarnar dogon amfani kowa ya santa ko da bai san sanadinta ba: fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi a cinya da hammata wadda ba ta gogewa har abada, ƙuraje a fuska, wurin ya yi haske fiye da sauran jiki. Wannan hasken ne ya sa masu haɗa man bilicin suke zuba shi a cikin haɗinsu. In kusa da ido ake shafawa yana iya tayar da hawan ido ko yanar ido. Jariri da aka shafa wa a ƙarƙashin kunzugu jikinsa na shanye shi sosai, fuska ta cika, girma ya tsaya. Kuma da zarar an daina, ƙaiƙayin ya dawo ya fi na da. Dalilin da ya sa mai saye yake komowa shago ke nan, shi kuma mai shago ya ɗauka kaya ne mai kyau.

Tabon da gashi ya zube

A ƙauyukanmu in yaro ya zo da wuri a kai da gashi ya kakkarye, ga garin fata, mafi yawan lokuta makero ne. Abin da ba a cika sani ba shi ne makeron kai ba ya jin kirim kowane iri, domin ƙwayar tana cikin gashin kansa, can ƙasan fata. Maganinsa na sha ne: girisiyofulbin miligiram 20 zuwa 25 ga kowane kilo na nauyin yaro a kullum, tare da abinci mai maiƙo, na mako shida zuwa takwas, ko tabinafin gwargwadon nauyi. In an shafa mai haɗi uku, da'irar makeron ta ɓace, ƙwayar kuma ta ci gaba da yaɗuwa cikin wata kama da ko ma'aikacin lafiya ba zai gane ba.

Abu na biyu da ke kawo irin wannan tabo shi ne kuturta. Tabo mai haske da ba ya gumi, gashinsa ya zube, kuma in aka rufe wa mutum ido aka taɓa wurin da zaren auduga ba ya ji. Ana kuma laluba jijiyoyin gwiwar hannu, gefen wuya da bayan gwiwar ƙafa a ji ko sun yi kauri. Maganinta kyauta ne, wata 6 ko wata 12 gwargwadon nau'i, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in tarin fuka da kuturta. A Kano akwai asibitin Yadakunya da ya daɗe a wannan aiki. Na uku shi ne sanƙon da ke fitowa rana ɗaya, da'ira mai santsi, fatar lafiya ƙalau, babu ƙurji babu gari.

Na huɗu ne ba a cika gani ba, kuma dominsa muka yi wannan sharhi.

Kowane gashi yana fitowa ne daga wata 'yar jaka a cikin fata, kuma a gefenta akwai ƙullin da ke fitar da maiƙo. A wannan cuta, wani abu mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda likitoci ke kira musin, yana taruwa tsakanin ƙwayoyin bangon jakar har ya rarraba su. Jakar ta kumbura, gashin ya rasa abin riƙo ya fice. Likitan fata Hermann Pinkus ne ya bayyana ta a Amurka a 1957, kuma daga 1959 aka fi saninta da folikula musinosis. Ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, ba a ɗaukar ta a wurin aski ko tabarma, ba kuma jifa ba ce.

A baƙar fata ba ta cika yin ja yadda hotunan littattafai ke nunawa ba. Abin da za a gani shi ne wuri mai iyaka, ya ɗan fi kewayensa haske ko duhu, ya ɗan tasa, ga ƙananan ƙuraje a bakin kowace ƙofar gashi, in ka shafa da yatsa ka ji kaushi. Wuraren da ta fi so su ne gira, kunci, gemu, wuya da fatar kai. Wani lokaci in aka matsa wurin, ɗan ruwa mai danƙo yakan fito daga ƙofofin gashin. Zubewar gira tare da tabo mai haske shi ke sa a yi saurin cewa kuturta ce, kuma a gari ƙarami wannan kalma kaɗai ta isa ta ɓata aure. Saboda haka gwajin auduga da laluben jijiya wajibi ne, amma ba su isa a yanke hukunci ba. Wanda aka ɗora kan maganin kuturta ya cinye watanninsa tabon yana nan yadda yake ko ya ƙaru, a yanki fatarsa a duba.

Cutar tana zuwa da fuska biyu. Ga yara da matasa yawanci tabo ɗaya ne ko biyu, a kai ko wuya, kuma sau da yawa takan tafi da kanta tsakanin wata biyu da shekara biyu, gashin ya dawo muddin ba a ƙone wurin ba. Ga wanda ya haura arba'in, musamman in tabban suna da yawa, sun sauko ƙirji, baya da cinyoyi, suna ƙaruwa maimakon raguwa, labarin daban ne. A nan yauƙin kan zama alamar cewa akwai limfoma a saiwar gashin.

Limfoma dajin fararen ƙwayoyin jini ne, irin waɗanda ke gadin jiki. Yawancin mutane sun san ta da kaluluwa a wuya ko hammata, amma akwai wadda ke fara zama a fata. Mafi yawanta ita ce maikosis fungoyidis, wadda likitan Faransa Alibert ya bayyana tun 1806. Tafiyar hawainiya take yi: shekaru tana tabo mai laushi, daga baya ta yi tudu, a wasu mutane ta kai ga ƙullutu da gyambo. Kusan ɗaya cikin goma na masu ita suna da nau'in da ƙwayoyin dajin ke kewaye jakar gashi su kutsa cikinta, kuma rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar binciken daji ta Turai suka fitar a 2005 ya ware wannan nau'i daban. Dalilin warewar a aikace yake: ƙwayoyin suna zurfi, inda man shafawa da hasken da ake haska wa fata a asibiti ba sa kaiwa sosai, ƙaiƙayinsa kuma mai hana barci ne. Irin wannan ƙaiƙayi ne daidai yake kai mutum kyamis.

Alamun da suka isa a ajiye bututu a nemi mota su ne waɗannan. Tabo mai zubar gashi ga mai shekara arba'in zuwa sama. Tabo fiye da biyu, ko wanda ya fita daga kai da wuya. Wurin da ya yi kauri ko tauri in an matsa da yatsu biyu. Baƙaƙen ƙofofin gashi da ƙananan ƙullutai irin na samari a jikin dattijo, ko a wurin da ba a saba ganin su ba. Kaluluwar da ba ta ciwo kuma ta wuce wata guda. Zazzaɓin dare, gumi mai jiƙa riga, ramewa. Sai kuma alamar da kirim ɗin kansa ke bayarwa: tabon ya lafa da shafawa, ya dawo da dainawa, sau biyu ko uku a jere.

Yadda kirim ke ɓata gwaji

Ido, ko na ƙwararre ne, ba ya raba mai sauƙin da mai dajin. Sai an yanki ɗan guntun fata an duba a madubin likita, abin da ake kira bayofsi. To, abin da mai duba nama yake nema shi ne waɗannan fararen ƙwayoyi: yawansu, siffarsu, da inda suka taru. Sitiroyid mai ƙarfi kuwa aikinsa ke nan, ya kore su daga saman fata. Mutum ya sayar da akuya, ya yi kuɗin mota, ya biya kuɗin gwaji, ya jira makonni, sakamako ya fito da cewa kumburin fata ne marar takamaiman dalili. Ya koma gida da tabbacin ƙarya, ya koma kyamis.

Ƙa'ida ita ce a daina shafa duk wani sitiroyid a wurin da za a yanka na mako biyu zuwa huɗu kafin ranar. Makonnin nan suna da wuya, don ƙaiƙayin yana dawowa da ƙarfinsa. Ana rage shi da basilin marar turare ko man kaɗanya, wanka da ruwan da ba shi da zafi, yanke farce, da ƙwayar setirizin miligiram 10 sau ɗaya a rana ga babba. Wanda kuwa ya yi watanni yana shafe jikinsa kusan duka, kada ya daina rana ɗaya da kansa. Jikinsa yana iya zama ya rage yin nasa sitiroyid ɗin na halitta, kuma yankewa kwatsam na kawo kasala da faɗuwar jini. Likita ne zai tsara masa ragewa sannu a hankali.

Shi kansa yankan bai wuce aikin minti ashirin ba, kuma likitan babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya in yana da kayan. Ana zaɓar tabon da ya fi kauri, wanda ba a sosa ya zama gyambo ba. A kashe wurin da allurar lidokain, sannan a huda da ƙarfe mai baki zagaye na milimita 4. A fatar kai da gemu ana karkata ƙarfen ya bi kwanciyar gashi, in ba haka ba sai a datse jakar biyu. Dole a nutsa har kitsen ƙarƙashin fata, domin abin da ake nema yana ƙasa. Yankan da aka shafto sama-sama ba shi da amfani a wannan cuta. A ɗago guntun da bakin allura, kada a matse shi da hantsaki, don fararen ƙwayoyin suna murƙushewa su rasa siffarsu. In tabban suna da yawa, a ɗauka daga wuri biyu ko uku, kowanne a kwalbarsa. Ɗinki ɗaya ko biyu ya isa, a cire na fuska bayan kwana 5 zuwa 7, na jiki bayan kwana 10 zuwa 14.

Inda aka fi yin asara shi ne kwalbar. Naman yana shiga ruwan adana nama, wato fomalin mai kashi 10 cikin ɗari, nan take, kuma ruwan ya ninka girman naman aƙalla sau goma. Fomalin na galan mai ƙarfi ne, kaso ɗaya ake haɗawa da kaso tara na ruwa. Zuba nama a ruwan ƙarin ruwa yana ruɓar da shi kafin a isa Kano, sifirit yana ƙanƙance shi, firiza kuma tana farfasa ƙwayoyin. A rubuta suna da wurin da aka yanko a jikin kwalbar, ba a murfi ba. Takardar da ke rakiya kuma kada a rubuta mata "ciwon fata" kawai. A sa shekarun mai ciwo, tsawon lokacin tabon, adadinsu, inda suke, irin kirim ɗin da aka shafa da ranar da aka daina, sannan a rubuta ƙarara cewa ana zargin folikula musinosis, a duba yiwuwar maikosis fungoyidis da kuturta. Wannan jimla ɗaya ce ke sa mai duba nama ya yanka guntun zurfi-zurfi, ya sa rinin da ke fito da musin shuɗi, ya kuma nemi gwajin alamomin ƙwayoyi irin su CD3, CD4, CD7 da CD8. Sashen duba nama na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano shi ne inda yawancin irin wannan gwaji daga Kano da Jigawa ke ƙarewa, kuma mutanen Jigawa kan bi ta asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu.

Wani abu da ya kamata a faɗa wa mai ciwo tun farko: ko an yi komai daidai, gwaji ɗaya ba koyaushe yake yanke magana ba. Farkon wannan daji yana kama da kumburi na yau da kullum, kuma hatta gwajin da ke nuna ko ƙwayoyin daga uwa ɗaya suka fito, kamar yadda na daji suke, yakan nuna haka a wasu masu nau'i mai sauƙi. Shi ya sa babban mutum da aka ce masa musinosis ne kawai ba a sallamarsa. Ana duba shi duk wata shida, na shekaru, a laluba kaluluwa, a sake yanka in tabo ya yi kauri ko sabo ya fito. A adana lambar gwajin farko, domin naman yana nan a ɗakin gwaji cikin kakin da aka daskarar da shi, ana iya sake dubawa ko a aika wa wani ƙwararren. Hoton waya da aka ɗauka a hasken rana, da tsinken ashana a gefen tabon don a ga girmansa, duk wata ɗaya, ya fi dogon bayani amfani.

In ta tabbata limfoma ce, ana auna faɗin jikin da ta kama. Tafin hannun mai ciwo haɗe da yatsu kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na fatarsa. Wanda tabbansa ba su kai kashi goma ba, ba su yi ƙullutu ba, kaluluwa da jini kuma lafiya, yawanci yana rayuwa kamar kowa. Ana ƙarawa da ƙirgen jini, gwajin ƙanjamau da hoton ciki, kuma kaluluwar da ta wuce santimita ɗaya da rabi ita ma ana yankarta, don a yankinmu tarin fuka ma yana kumbura ta.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne kilobetasol, shi kaɗai ba haɗin uku ba, yana cikin magungunan farko da likita ke rubutawa ga wannan dajin a matakinsa na farko. Bambancin shi ne a lokacin an san da me ake yaƙi, an san yawan da za a shafa da ranar hutawa, an kuma san alamar da ke cewa bai isa ba. Ga nau'in da ke saiwar gashi sau da yawa bai isa ɗin ba, sai a haɗa da hasken asibiti, ko gasa dajin da na'ura a kan tudun kaɗai, wanda ake samu a wurare irin su Sakkwato da Abuja, ko ƙwayar metotirekset. Ita wannan ƙwaya sau ɗaya ake shanta a mako, ba kullum ba. Shan ta kullum bisa kuskure ya sha kashe mutane, don haka a rubuta ranar a jikin kwalin. Ga nau'i mai sauƙi kuwa, wani lokaci jira da sa ido shi ne maganin, wani lokaci a gwada haidiroksikulorokwin ko minosaikilin.

Shagon da ke sayarwa

Rabin matsalar a bakin kanta take. Mai lasisin kyamis ba shi da izinin sayar da sitiroyid mai wannan ƙarfi babu takardar likita, amma kowa ya san yadda ciniki ke tafiya. Lambar NAFDAC a kwali tana nufin an yi wa kayan rajista, ba ta nufin ya dace da ciwonka. Ga kuma ajiya: yawancin kwalayen sun ce kada zafi ya wuce digiri 30, shagon kwano kuwa a watan Afrilu ya zarce haka nesa. Kirim ɗin da ya fito da ruwa a gaba, mai a baya, ya lalace.

Kyamis na kirki ana gane shi da tambaya. In dattijo ya ce, "Ɗan nan, ba ni man ƙaiƙayin nan mai ƙarfi," amsar da ta dace ita ce, "Baba, bari in ga wurin tukuna. Tun yaushe ya fito? Gashin da kansa ya zube?" In ya ga gira ta ɓare ga ƙuraje a ƙofofin gashi, ya ce, "Baba, wannan ba na kanta ba ne, a je babban asibiti, kada a shafa komai kafin a je." Ya yi asarar cinikin bututu ɗaya. Masu aski, wanzamai da masu kitso ma suna da matsayi a nan, don su ne ke fara ganin ƙeya da bayan kunne, wuraren da mai su ba ya gani. Abin da ba ya taimako shi ne sakiya, ƙaho, ruwan batir, ko goga tafarnuwa da toka a kan tabon. Suna kashe jakar gashin gaba ɗaya ta yadda ko cutar ta warke sanƙon ya zauna, tabon ƙunar yana rikita mai duba nama, kuma ga mai limfomar fata buɗaɗɗen rauni hanya ce ta shigar bakteriya cikin jini, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke halaka masu ita.

Don haka ga yadda muka auna kayan. Ga kircin babba a hannu ko ƙafa, na mako guda, ana iya jure masa, ko da yake akwai wanda ya fi shi. Ga fuska, jariri, makeron kai, da duk tabon da gashi ya zube a kansa, kada a saya, ko kyauta aka bayar kada a shafa. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana shafawa, ranar zuwa asibiti ya tattara kwalayen da ragowar bututun duka ya tafi da su a leda, har da na haɗin mai da aka zuba masa a roba, ya kuma faɗi ranar da ya shafa na ƙarshe, domin daga wannan ranar likita zai ƙirga lokacin da za a iya yankan fata.